Haƙorin Makkan Inna

Inna ba ta taɓa iya sa ɗan kunnen kasuwa ba. In ta sa da safe, kafin azahar kunnen ya yi ja ya fara ruwa, tana ta susa da gefen ɗankwali. Sai ta cire, ta zura tsinken tsintsiya a hujin don kar ya toshe. Ni dariya nake mata. Cewa nake kunnenta na masu kuɗi ne, gwal kawai yake so, aka yi kuskure aka maƙala wa mai girki. Ita ma ta yi dariyar. Ba mu san ciwo ne mai suna ba.

Ita ta haife ni. Girki take yi a wani gida a Nassarawa GRA tun kafin in yi wayo, kuma a boskwatan gidan na tashi, ɗaki ɗaya da ita, jikin ɗakin janareto. Har yanzu can nake kwana, da safe in fita shagon da nake aiki. Matar gidan, Hajiya, ba muguwa ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Ita ta sa ni a makaranta. Da sallah takan ɗinka mana. Halinta ɗaya ne, in ta yi maka alheri tana so ya zauna inda ido zai gan shi.

Shekarar da ta biya wa Inna kujerar Makka, har mai kawo mana gas sai da ya ji labari. Tare suka tafi. A can ma Inna ce ke tuƙa mata tuwo a masauki, amma wannan bai dami Inna ba ko kaɗan. Ta ga Ka'aba da idonta, ta tsaya Arfa. Bayan an gama aiki, ana ta sayen tsaraba, Hajiya ta ja ta wani lungu bayan masaukinsu, wajen wani mai sa haƙori. Ita Hajiya tana da nata na gwal tun zuwanta na farko. Ta zaɓa wa Inna fari mai ƙyalli, mutumin ya ce azurfa ce. Ya ɗan goge haƙorin sama na gefen dama, ya shafa gam, ya kifa masa hular ƙarfen ya danna da babban yatsa. Inna ta ce ko shayin da aka kawo musu bai huce ba aka gama.

Ranar da suka sauka, tun daga nesa na hango abin yana walƙiya a bakinta. Na yi kuka wallahi. Ban taɓa ganin Inna tana dariya da dukkan bakinta haka ba.

A gidan aiki ba a yin Hajiya biyu, don haka nan dai tana nan a Iya mai girki. Amma a Kaura Goje, gidan ƙanwarta, da ƙauyenmu na Jigawa, tana buɗe baki ta yi sallama sai ka ji an ce, “Lale da Hajiya, a kawo wa Hajiya tabarma.” Matan da suka yi shekaru suna kiranta 'yar aikin birni, su ne ke miƙo mata jariransu ta yi musu addu'a. Ba ta ɗauki hoto ko ɗaya a Makka ba, wayarta ba ta hoto ba ce. Haƙorin nan shi ne shaidarta.

Hajiya ma tana ji da shi. In ƙawayenta suka zo, sai ta ƙwala kira daga falo.

“Iya! Zo ki gaida baƙi. Yi musu murmushi mana, su ga tsarabarmu.”

Inna ta durƙusa da tire a hannu, ta yi murmushi. Su ce ma sha Allah, Hajiya kin yi aikin lada, Allah ya saka. Ni ina kicin ina jin su, ina goge kofin da na riga na goge.

Bayan 'yan watanni dasashin ya fara ja a kewayen haƙorin. Sai wani baƙin layi ya fito daidai inda ƙarfen ya haɗu da nama. Asuwakinta kullum da jini. Gefen leɓenta ya tsage ya ƙi warkewa. Ta ce bakinta kamar ta kurɓi kunu da zafinsa. Ta gwada ruwan gishiri, ta gwada bagaruwa, ta koma tauna kanumfari saboda wari. Zamzam ɗin da ta ɓoye a ƙarƙashin gado don ranar babbar lalura, shi ta dinga ɗiba a murfin gora tana kurkurewa, ta haɗiye don kar ya zube a ƙasa.

Abin da ya tsorata ta shi ne da harshenta ya daina jin gishiri daidai. Mai girki ce fa. Attaruhu in ya taɓa wajen sai hawaye. Ta koma tsare ni da safe kafin in fita.

“Zo ɗanɗana min miyar nan.”

“Inna na makara.”

“Lasa kawai za ki yi, ba ce miki na yi ki ci tuwo ba.”

Lokacin girkin rana kuwa ba na nan. Wata ranar Hajiya ta dawo da kwano kicin ta ce, “Iya, yau gishirin kyauta aka ba mu ne?” Da wasa ta faɗa. Inna ba ta ci abinci ba ranar.

Da ƙyar na ja ta asibitin haƙori, wani mai zaman kansa. Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta haska fitila, ta taɓa da ɗan ƙarfenta, jini ya biyo. Sai ta kalli kunnen Inna, ta ga tsinken.

“Mama, ɗan kunne yana ba ki ƙaiƙayi?”

“Tun ina budurwa.”

“Sarƙa fa? Agogo?”

“Duk abin da ba gwal ba. Gwal ɗin kuma ban taɓa samu ba balle in sani.”

Likitar ta yi dariya, ta ajiye madubinta. Ta ce wannan hular ba azurfa ba ce. Azurfa tana da laushi, kuma da tuni ta dushe a cikin baki. Wannan haɗin nikel ne da kuromiyam. Ta ce ƙarfe ne mai kyau a wajensa, ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa, ga araha, mutane da yawa suna yawo da shi a baki lafiya lau. Amma akwai jikin da ba ya shiri da nikel sam, kuma an fi samu a mata saboda hujin kunne tun suna jarirai. Yawu yana ɗan lasar ƙarfen kullum, ɗan abin da ya fito jiki ya tashi yaƙi da shi. Abin da kunnenta yake yi da rana ɗaya, shi dasashinta yake yi ba hutu. Ga kuma hular ba a auna ta ba, bakinta ya nutse cikin nama, abinci yana shiga ƙarƙashi.

“A cire shi, Mama. Yanzu haƙorin da ke ciki yana da sauran rai.”

Inna ta gyara mayafi ta ce, “To, Allah ya yi albarka. Za mu yi shawara.”

Na san wannan muryar. A'a ce.

A cikin adaidaita muka yi ta.

“Wace shawara kuma? Ba ki ji abin da ta ce ba?”

“Na ji. Me zan ce wa Hajiya?”

“Ki ce yana miki ciwo.”

“In ce kyautarta ta ruɓar min da baki? Matar da ta kai ni ɗakin Allah, in je in ce ta sa min na banza?”

“Ai na banzan ta sa miki.”

Ta ɗaka min duka a cinya, har mai adaidaitan ya leƙo ta madubi.

“Wa ya sa ki a makarantar da kika koyi wannan rashin kunyar?”

Muka wuce shataletale. Sannan na tuna mata cewa Hajiya ita kanta ta cire nata na gwal a wata tafiya da ta yi waje, ta dawo da haƙora farare tas kamar tangaran. Inna ta ce, “Ita da kanta ta sa wa kanta. Ni ba ni aka yi.”

Haushi ya sa na dinga karanta labarin ƙarfen nan a waya, a shago in babu mai saye. Ashe wayar da ke yin ja a cikin hita da dutsen guga, haɗin nikel da kuromiyam ce, don tana jure wuta ba ta cinyewa. Ashe har cikin injin jirgin sama, inda zafi ya fi tsanani, dangin nikel ake sawa. Wato shi ya ɗauke ta ya kai ta Makka ya dawo da ita lafiya, a bakinta ne kawai ya ƙi zama lafiya. Na faɗa mata tana yanka albasa. Ta dafe kunci tana dariya.

“Ashe wayar hita ce a bakina. Kar dai ki faɗa wa direban Hajiya, sai ya ce in dafa masa shayi.”

Na koma wajen likitar ni kaɗai. Na ce mata matsalar ba ciwon ba ce, matar gida ce. Ta gane nan take, da alama ba mu ne na farko ba. Ta ce akwai wani haɗin, kobal da kuromiyam, babu nikel a ciki. Da shi ake yin ƙashin haƙoran roba, har ƙugun ƙarfe da ake sa wa tsofaffi. Ya fi wancan tauri, kuma in aka goge shi launinsu kusan ɗaya ne, sai wanda ya san kan abin zai bambance. Za a iya cire waccan hular a yi mata sabuwa daidai haƙorinta. Amma sai an gwada fatarta tukuna, don wasu masu ƙin nikel suna ƙin kobal ma.

Inna ta yarda da wannan. Aka manna mata filasta a baya, ta yi kwanaki ba ta jiƙa wajen ba. Da aka ɓare, gurbin nikel ya yi ja ya tashi kamar cizon kunama, gurbin kobal kuwa fes. Na ce shi ke nan, mu sa rana, a yi musaya a ɓoye, Hajiya ba za ta taɓa sani ba.

Sai likitar ta ce za a bar haƙorin ba hula na ɗan lokaci, dasashi ya huce kafin a auna. Nan Inna ta ja da baya. Kwanakin nan da za ta yi baki ba ƙyalli, idan aka yi baƙi fa? Ta ce a bari Hajiya ta yi tafiya. Hajiya ta fasa tafiyar. Azumi ya zo, ta ce wa zai yi ƙosai da kunun gidan nan in tana jinya. Bayan sallah aka sa bikin ɗan Hajiya, ta ce a bari a gama biki, dangin amarya za su zo daga Katsina, za a neme ta. An kuwa neme ta. Na gan ta a tsakiyar falo cikin ankon ma'aikata, tana yi wa surukan gida murmushi, ta manne leɓen sama yadda baƙin layin ba zai fito ba. Har ta ƙware a wannan.

Kusan shekara muka yi a haka. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushin kwana biyu ba magana. Ƙanwarta ta Kaura Goje ma ba ta taimaka ba, cewa ta yi, “Yaya, abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki ai ba ya cuta, sai dai baki ko ido.” Ta kawo mata rubutu a gora.

Wata safiya Inna ta tashi kuncinta ya kumbura har idon dama ya ƙanƙance. Ba ta yi gardama ba ranar. Aka yi hoto. Likitar ta nuna min a allo, haƙorin da ke cikin hular ya mutu ya ruɓe har saiwa, mugunya ta ci ƙashi ta taɓa na kusa da shi. Babu abin da za a kifa wa sabuwar hula. Duka biyun za a cire.

Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. Ta yi allurar kashe zafi, ta yi aikinta. Da ta gama ta wanke hular, ta sa a 'yar leda ta miƙa wa Inna. Abu kamar ɓawon gyaɗa, cikinsa baƙi ƙirin. Inna ta karɓa da hannu biyu, auduga cike da baki, ta ƙulle a bakin zani.

Sai an jira wajen ya warke kafin a yi na roba. Inna ta sayi takunkumin fuska ta ce wa mutan gidan mura take yi. Makonni tana girki da shi a zafin kicin, gumi yana jiƙa shi ta canza wani. Duk motsin ƙofa sai ta ƙara gyara shi. Abin da Hajiya ta ce kawai shi ne, “Iya, a kula kar a yi tari kan abinci.”

Ranar da abin ya fito ina nan, Asabar ce ban fita da wuri ba. Inna ta sauke takunkumin zuwa haɓa za ta ɗanɗana miya, don harshenta ya fara dawowa. Hajiya ta shigo da waya a kunne. Ta kalle ta, ta ce wa ta cikin wayar, “Ina zuwa.”

“Iya, ina haƙorin?”

Inna ta saki ludayi ta zube a ƙasa. Tsohuwa da furfura, gwiwa a kan tayil.

“Hajiya ki yafe min. Wallahi ba raini ba ne. Na yi ta haƙuri da shi, likita ce ta ce dole. Yana nan ma na adana, ban yar ba.”

Hannunta har ya kai bakin zani.

“Au, wannan abin?” in ji Hajiya. “Ai gara da kika cire. Yanzu wa ke sa wannan in ba 'yan ƙauye ba? Tashi mana, meye na durƙuso.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Hajiya, ashe ba azurfa ba ce. Nikel ne. Shi ya cinye mata haƙora biyu.”

Ta dube ni da mamaki na gaskiya, babu fushi a ciki.

“To ni ina na sani? Ai duk wanda ya je da 'yar aiki irinsa yake sa mata. Sannu Iya, Allah ya ƙara sauƙi. A rage manja a miyar nan.”

Ta mai da waya kunne ta fita. Muna jin ta a baranda tana ci gaba da zancen labule.

Inna ta daɗe a ƙasa. Na miƙa hannu in ɗaga ta, ta ture. Ta dafa kabad ta tashi da kanta, ta ɗauki ludayin ta wanke. Da Hajiya ta yi faɗa, da aƙalla shekarar nan ta azaba tana da dalili. Ban faɗa mata ba. Ta rage manjan.

Da dasashin ya warke, likitar ta auna bakinta ta tura mu wajen mai haɗa haƙora a Tudun Wada, don a zaɓi launi. Ɗan shago ne mai warin gas da ƙurar farar ƙasa. Ya nuna mana yadda yake yi, ya fara gina abin da kaki irin na kyandir a kan kwafin baki, ya binne a farar ƙasa, ya ƙone kakin, sannan ya narka kobal ya watsa a gurbin. Ya ce wutar da ke narka gwal wasa ce a wajen wannan, kuma gogarsa tana cinye masa duwatsu. Amma saboda taurinsa ake iya yin sa siriri kamar farce, ya riƙe haƙoran gefe da 'yan ƙugiyoyi ba ya buɗewa. Ya zaro wani allo mai jerin haƙora, daga fari tas zuwa ruwan madara.

“Mama, wanne ya yi miki?”

Inna ta nuna ɗaya ta ce na ciki ke nan. Na gaban kuma ƙarfe take so, zalla, mai ƙyalli.

Na ce, “Inna! Bayan abin da matar nan ta faɗa?”

“Wa ke zancenta? Sallah ta kusa, gida zan je.”

“Ai sun san kin je Makka. Ba haƙori ne ya yi ɗawafi ba.”

“Ke ba ki san mutanenmu ba. In na je da wawulo cewa za su yi talauci ya sa na sayar. In na je da fari cewa za su yi dama aro na yi.”

Mai shagon ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce zai yi, ba ita ce ta fara tambaya ba.

Ya yi kyau, ban da abin cewa. Ya zauna daram, ba ja, ba jini. Leɓenta ya warke, gishirinta ya dawo daidai. Ta je ƙauye da sallah, aka shimfiɗa wa Hajiya tabarma, babu wanda ya lura da komai. Na ɗauka mun gama.

Bayan ta dawo ne na ga wani abu. Duk lokacin alwala sai ta sa yatsa ta ɓalle shi, ta jefa a kofin ruwa, ta yi sallarta da giɓi. Na zaci yana takura mata ne wajen karatu, na ce mu koma a sassauta ƙugiyar.

“Ba ya min komai,” ta ce.

“To me ya sa kike cirewa?”

Tana naɗe sallaya, ba ta kalle ni ba.

“Wannan a Tudun Wada aka yi shi. Mutane ne zan iya yi wa haka. Ba zan tsaya gaban Ubangijina da shi ba, Shi da ya san inda aka ƙera.”

Na ce ai babu laifi, ta tambayi kowane malami. Na ce ƙafarta ce ta je, ba ƙarya ta yi ba. Ta ce ta sani, ba fatawa take nema ba.

Har yau haka take yi, sau biyar. Ta sallame, ta yi addu'arta da baki a sake, iska tana fita ta gefen dama. Sannan ta tsamo shi daga kofi, ta girgije ruwan, ta danna da babban yatsa sai ka ji ƙas, ta ɗaura ɗankwali ta nufi kicin.